Kakarmu ta ƙi ajiye kwarashi tun zamanin korona: mu hana ta ko mu ƙyale ta?

"Assalamu alaikum Malama. Ni jika ce, daga unguwar Yelwa a nan Garwa. Kakarmu ta wajen uba ta haura shekara 70. Lokacin korona Baba ya hana ta fita ko nan da can saboda tana da hawan jini da ciwon suga, sai ta tono wani tsohon kwarashi a ƙasan adaka ta kama saƙa. To korona ta wuce, saƙa ba ta wuce ba. Yanzu hulunan jarirai da safa da 'yan riguna sun cika akwati biyu, ba mai sawa, ga zafin garinmu. Da dare tana kukan yatsunta suna mata tsami, wani lokaci su mutu mata. Biki da suna ma ta daina zuwa. Baba ya ce a ɓoye kwarashin, a daina saya mata ulu. Goggo ta ce a kai kayan kasuwa ta samu na goro. Ni na rasa maganar wa zan bi."

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika damu da tsohuwa har kika zauna kika rubuto.

Tambayar taki ɗaya ce a baki, amma abu uku ne a ƙulle cikinta: ga hannu da ke ciwo, ga akwati biyu da suka cika, ga kuma ƙafar da ta daina fita. Babanku hannun ya gani. Goggonku akwatin ta gani. Na ukun, wanda ni ya fi tsaya min a rai, kin saka shi a layi ɗaya kin wuce. Kuma ban ji inda aka ce wani ya zauna ya tambayi Hajiya ita kanta ba. Bari in faɗa miki inda na dosa tun da wuri: kada a ɓoye kwarashin nan. Shekara ashirin da shida ke nan ina koya wa mata saƙa, ta kwarashi da ta tsinke, a tsakar gidana da kuma wajen koyon sana'a, to a kan zare da hannun mai riƙe shi zan iya magana da bakina. Ni ba likita ba ce, kuma inda maganar ta zama ta likita zan ce miki ga iyakata.

Abin da korona ta karɓe mata

Ranar 6 ga Maris 2020 aka ce an samu mutum na farko da cutar a Yawunde, babban birnin ƙasarmu Kamaru. Kwana goma sha ɗaya bayan nan firaminista Joseph Dion Ngute ya karanto matakan gwamnati: an rufe iyakoki, an rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50. Daga 13 ga Afrilu aka wajabta takunkumin fuska, wanda mu nan muke ce wa kashne. Azumi ya kama a ƙarshen watan, tsakiyar zafin bazara, kuma a shekarar ba wanda ya tafi hajji daga wajen Saudiyya. Amma ke ma shaida ce, ba a taɓa garƙame Garwa ba. Magidanta suna kasuwa, masu moto suna ta kai da kawo, yara da aka sallamo daga lekol suna yawo gida gida har watan Oktoba, ban da 'yan jarrabawa da suka koma a farkon Yuni. Waɗanda aka kulle da gaske su ne tsofaffi, kuma 'ya'yansu ne suka kulle su. Babanku bai yi laifi ba. Mai shekara saba'in da suga da hawan jini tana sahun gaba cikin waɗanda cutar ta fi kayarwa, ni ma haka muka yi wa uwar mijina.

Sai dai ki duba mene ne aikin tsohuwa a unguwa. Naƙuda ta tashi da tsakar dare, ita ake bugawa ƙofa. Ita ce a kan tukunyar wankan jego da ganyen darbejiya, ita ke gasa cibiya, ita ke cewa kunun kanwar nan ya yi ruwa a ƙara gari. Kai lefe, jere, zaman makoki, sasanta miji da mata kafin magana ta kai gaban alƙali, duk da ita. Ba albashi, ba ofis, amma aiki ne, kuma duk da ƙafa ake yinsa. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Rana ɗaya aka ɗaure mata ƙafar, sai ta mayar da zumuncin hannu.

Na ga wannan da idona. Cikin azumin shekarar 'yar maƙwabtanmu ta haihu, haihuwar fari, yarinyar da uwar mijina ce ta karɓi haihuwarta ita kanta. Muna jin hayaniyar 'yan barka ta kan katanga, tsohuwa na zaune gindin darbejiya ta kasa kunne, ba ta ce uffan ba. Da hantsi ta ce in ba ta ragowar ulu ruwan ƙwai da ta gani a kwandona. Kafin a kira magariba ta gama hula, ba ta ko yi kyau sosai ba, gefe ɗaya ya fi tsawo. Ta ƙulle ta a leda, ta sa autana ya taka turmi ya miƙa ta kan katanga. Saƙon da ta ba shi shi ne: "Ka ce mata na zo barka." Ba ta ce ta aiko ba, cewa ta yi ta zo.

Kuma kada ki yi mamakin yadda hannun ya kama aikin nan da nan. Matan da aka haifa wajen 1950 da mazari suka tashi. Ƙasar auduga muke, tun kafin a kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974 da hedkwatarta a nan Garwa. Yarinya takan ga uwarta ta gurje auduga, ta shiɓe, ta dangwali alli ta murza mazari, ana hira ana kaɗi, a tara zare a kai wa masaƙa ko a sayar a yi kayan ɗaki. Zaren masana'anta da atamfar kamfanin CICAM suka zo suka kashe kasuwar kaɗin gida, amma ba su kashe tarbiyyar ba: macen kirki ba ta zama hannu sake. Kwarashi daga baya ya shigo, ta makarantun 'yan mata da wuraren koya wa mata sana'a, ya tarar da yatsun da suka riga suka san zare.

Shekarar korona ba ta zo mana da sauƙi ba, mu masu saƙa. Nijeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa tun Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, ga tamu rufewar a kai, sai ulu ya yi wuya ya yi tsada, launin da kake so ba shi za ka samu ba. Dabarar da muka koma ita ce gwanjo. A sayo tsohuwar suwaita mai kaurin zare, a farke ɗinkin gefe, a nemo bakin zaren a warware. Zaren yakan fito a nannaɗe kamar taliyar yara, sai a naɗe shi a ƙafafun kujera, a ɗaure wuri huɗu, a jiƙa a ruwan ɗumi, a rataye a inuwa da ɗan dutse a ƙasa ya miƙe. Yaran da suka ishe mu da faɗa kan waya ɗaya, su muka sa aikin curawa: ɗaya ya ware hannu biyu da zare a kai, ɗaya yana naɗi, kakarsu na tsakiya tana yi musu tatsuniya da rana tsaka, abin da a da za ta ce ba kyau. Mun kuma yi kuskurenmu. Da aka ce kowa ya sa kashne, ni da ɗalibaina muka saƙa kusan arba'in da kwarashi, masu kyau, launi launi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga ɗaya sama ta leƙo ni ta cikin hujojin, ta ce, "Malama, ina ganinki sarai." Muka warware su duka. Daga baya hukumar lafiya ta duniya ta ce na yadi ma sai ya kai ninki uku.

Hannu da ido

Tsami daban, mutuwar yatsu daban, kuma kin ambaci duka biyun. Tsami ciwon mai aiki ne. Wanda ya wuni yana maimaita motsi ɗaya zai ji shi, kamar mai daka ko mai tsinkar gyaɗa, in ya huta ya sake. Akwai kuma amosanin gaɓɓai na tsufa, inda gaɓoɓin yatsu ke kumbura su yi ƙulli, da safe su sandare na ɗan lokaci. Shi wannan, motsi a hankali bai cika ɓata shi ba, zaman banza ya fi sandarar da shi. Na ga tsofaffi da yawa da suke cewa ranar da ba su taɓa zare ba ita ce ranar da hannun ya fi ƙagewa.

Mutuwar yatsu ita ce ba ta wajena ba. Ki tambaye ta waɗanne yatsu ne. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, kuma abin ya fi tashinta da dare har sai ta yarfa hannu, to akwai wata jijiya da ke bi ta wani ƙunci a wuyan hannu, in wurin ya kumbura sai ya matse ta. Masu suga sun fi kamuwa da wannan, kuma sugan shi kansa yana cin jijiyoyi, galibi daga ƙafa yake farawa. Ki lura ko kofi yana suɓuce mata, ko naman gindin babban yatsa ya fara zubewa idan kin haɗa hannayen biyu kin duba. Wannan duk na likita ne, kuma gara a je da wuri, tun maganin bai wuce abin ɗaure wuyan hannu da dare da gyara suga ba. Idan kuwa wata rana hannu ko ɓari ɗaya ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, ba ruwan kwarashi a ciki. A ɗauke ta zuwa asibiti a lokacin, kada a tsaya shafa man zafi ko jiran Baba ya dawo daga kasuwa.

Abin da ni zan iya gyarawa shi ne yadda take aikin, kuma ko da ban ga kwarashin ba, na san shi: siririn ƙarfe ne irin na da, na saƙa bakin mayafi da marfin kwano. Irinsa sai an matse shi da ƙarfi kafin ya tsaya a hannu. A samo mata mai kauri, lamba 4.5 ko 5, mai mariƙin roba. In babu, a yanko robar tsohon tub ɗin keke ko tsumma mai laushi a naɗe mariƙin har ya kai kaurin babban yatsanki. Sannan ki ɗauki hula ɗaya cikin nata ki kife a tabarma. In ta tsaya ƙyam kamar ƙoƙo, zare take ja da ƙarfi, kuma rabin tsamin daga nan yake. Saƙa mai kyau takan kwanta. Wannan ya fi wuyar gyarawa don hali ne, mai ɗaure fuska takan ɗaure zare, amma babban kwarashi yana sassauta shi ko ba ta so.

Kada ki ce mata ta riƙa duba agogo, ba za ta duba ba. Ki bi ta da salla. Zama ɗaya da hantsi, ta ajiye tun kafin azahar. Zama ɗaya bayan la'asar, kiran magariba ya zama tashi. A tsakani ki riƙa katse ta da dabara, ki kawo ruwa, ki ce ta zo ta ɗanɗana gishirin miya, yadda ba za ta wuce rabin awa ba ta buɗe tafin hannu ta miƙe ba. Da safe ta tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin ta fara, amma ke za ki taɓa ruwan tukuna, don mai suga da yatsu a mace tana iya ƙonewa ba ta ji ba. Ta jingina da bango, matashi a cinya ya ɗauki nauyin gwiwar hannu, a bar zaman nan na tanƙwarewa a tsakiyar tabarma. Babban bargo kuma a daina yinsa tashi ɗaya, nauyinsa a wuyan hannu yake sauka. A yi shi ƙyalle ƙyalle, ke ki haɗa.

Saƙar dare ita zan ce a yi faɗa a kanta in faɗan ya zama dole. An ɗauke wuta, tsohuwa ta maƙale tocila a wuya tana laluben baƙin zare, ido da wuya da hannu duk suna wahala lokaci ɗaya. Ku riƙa saya mata fari, ruwan ƙwai, ruwan hoda, shuɗi mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu ko ni da tabarau sai da rana. Kuma mai suga ana so a duba mata ido ko sau ɗaya a shekara, ba a jiran sai gani ya ragu.

Ɓoye kwarashi kuwa, an gwada a gabana ba sau ɗaya ba. Wata 'ya'yanta suka ɗauke, bayan sati biyu suka dawo min suna cewa ta zama masifaffiya, ko cokali ya faɗi sai ta yi magana, da rana barci da dare ido biyu. Wata kuma ta sa jikanta ya lanƙwasa mata ƙarfen wilin keke ta ci gaba a ɓoye cikin ɗaki, a duhu, da abin da ya fi na farkon cin hannu. Wannan abin da na gani ne kawai, ba bincike ba, amma ban taɓa ganin inda ƙwacewa ta yi kyau ba.

Akwati biyu

Ku zazzage su a tabarma, ita tana wurin, da izininta. Abu na farko ki san da me aka yi su. Abin da muke kira ulu a kasuwa, mafi yawansa bai taɓa ganin tunkiya ba, tumakinmu ma gashi gare su ba ulu ba. Akirilik ne, dangin roba, daga man fetur. Ki yanki ɗan guntu ki riƙe da almakashi ki kusantar da ashana a tsakar gida. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Ulun tunkiya yana warin babbakar kai. Akirilik yana ci da sauri, yana narkewa, ya bar baƙin ƙulli mai tauri. Yana da arha, yana wankuwa, asu ba ya cinsa, amma ba ya shan gumi.

A nan dole in taɓa mu duka. Watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, amma za ki ga an fito da jariri riga-kafi da tsakar rana cikin hula da suwaita da safa, an kuma naɗe shi a shawul, wai kada sanyi ya kama shi. Yaro ya jiƙe sharkaf, ƙurajen zafi sun feso masa wuya, yana kuka ana cewa ciki ne. Tafin hannu da ƙafar jariri ba ma'auni ba ne, sukan yi sanyi ko lafiya lau yake. Ƙeya da ƙirji ake taɓawa, in da gumi a rage kaya. Ga kuma kaskon garwashi a ɗakin mai jego. Na taɓa ganin shawul ɗin da tartsatsi ɗaya ya faɗa wa, kafin a yarfe ya yi rami kamar tafin hannu, bakin ramin ya daskare kamar leda. Allah ya tsare yaron ba ya ciki. Duk wadda aka ba wa kayan Hajiya a gaya mata wannan.

Amma cewa ba mai sawa, wannan don a akwati suke. Hunturu na nan daga Disamba zuwa Fabrairu, kin san sanyin asuba a bakin Binuwai. Akwai marka ta Agusta. Ngaundare tana kan tudu sama da mita 1,000, can suwaita ba ado ba ce, haka duwatsun Mokolo, kuma wuya a ce ba ku da dangi a ɗayan biyun. Waɗanda suka fi kowa buƙata su ne bakwaini da jariran da aka haifa ba nauyi. Jikinsu bai iya riƙe ɗumi ba, kan jariri kuma babba ne a kan jikinsa, ta nan zafi ke tsiyayewa. Shi ya sa a renon nan da ake kwantar da yaro a ƙirjin uwa fata da fata, wanda aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, nafkin da hula ake bar masa, wani lokaci da safa. Kan cikakken jariri yana kai santimita 33 zuwa 35, na bakwaini bai kai haka ba, to in Hajiya za ta yi domin su sai ta rage, kamar ta rufe babban lemo. Ba igiya a wuya, ba maɓalli, ba dutsen ado, ba tuntu mai zubar da zare. A wanke da sabulu a shanya a rana kafin a bayar.

Ki fara tambayar ungozoma abin da suke so kafin ki ɗauki kaya. Ni na taɓa cika buhu na kai wani wurin haihuwa na ajiye wa wanda na tarar a ƙofa, na tafi ina jin daɗi. Bayan wata guda na ga hulunan a kan teburin mai sayar da kayan jarirai a bakin hanya, na gane su don ni na koya wa masu su ƙulla ƙarshen zare. Tun daga nan goma goma nake bayarwa, hannu da hannu, ga ungozomar da na sani, kuma ina roƙonta ta ba ni labarin wanda ya sa. Labarin nan shi za ki kawo wa Hajiya. Sannan ki nuna mata cewa ba jarirai kaɗai ke da kai ba. Almajiran da ke zuwa ƙofarku da asuba, mai gadi, mai moto, duk hular sanyi suke nema.

Maganar Goggo ta sayarwa, mu yi lissafi. A ce curin ulu mai giram 50 sefa 500 ne, ya fitar da hula da safa ɗaya. Tsohuwa ta ba shi wuni guda. A kasuwa ga na gwanjo a zube, ga saiti na masana'anta daga Sin a leda mai ƙyalli, mai saye ba za ta ba ki abin da ya wuce waɗancan da yawa ba. In an cire kuɗin zare, ladan wunin bai fi na goron ba da gaske. Abin da ke kawo kuɗi shi ne aikin da aka sa ki, saitin suna da mai shi ta zaɓi launi, ko abin da ake yayi. Lokacin kofin Afirka, da Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya ranar 11 ga Janairu 2022, baƙi daga Yola da Mubi sun cika gari ga hunturu, hula kore da fari ba ta kwana a hannunmu. Muka zage muka saƙa tuli. Ranar 23 Tunisiya ta fitar da su a wannan filin dai, har yau akwai ragowar a kwandona. To aikin da aka sa ki yana zuwa da ranar karɓa, ranar karɓa ita ke sa mutum saƙar dare, kin ga mun koma gidan jiya. In Hajiya tana son sayarwa, a sayar da abin da ta riga ta gama, kuɗin a damƙa mata a hannu. In ta ce ita sadaka take yi, Goggo ta yi haƙuri. Wasu tsofaffin suna jin sayarwar kamar an ce musu 'ya'yansu sun gaza.

Ƙafar da ta daina fita

Ba saƙa ce ta hana ta fita ba, a ganina. Hana fita ne ya kawo saƙar, kuma in an ɗauke saƙar fitar ba za ta dawo da kanta ba. Dalilan suna da yawa, daga nan ba zan iya ce miki ga nata ba. Wadda ta shekara biyu a zaune ƙafarta takan yi sanyi, hawa moto ya zama abin tsoro. Wata ƙawayen da take zama kusa da su a gidan biki sun rasu a tsakanin, ba ta ko je gaisuwa ba, shiga taron yana fama mata. Wata kunne ne ya yi nauyi, ana magana tana murmushin da ba ta san dalilinsa ba. Wata fitsari ne ya fara ƙwace mata, kuma wannan ba za ta taɓa gaya wa ɗanta namiji ba, ke ko Goggo ce za ku gane a wajen wanki.

Akwai kuma wanda aka fi mantawa. Da baki aka ce mata ta zauna. An taɓa ce mata da baki ta fito? Hukumar lafiya ta duniya ta sanar da ɗage dokar ta ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma dokar da ta kulle Hajiya ta Babanku ce, shi ne zai ɗage ta. Tsoho yana da zuciya. Cikin watannin nan an yi haihuwa an yi suna ba ita, ba abin da ya fasa, ta ji a ranta ashe ana iyawa. Ya kamata Baba ya shiga ɗakinta ya durƙusa ya ce, "Hajiya, gidan wane an haihu, yaran nan ba su san kan abin ba, a taimaka a leƙa." Kada a ce mata fito ki sha iska. A ce ana nemanta.

Ke kuma kina da abin da Baba da Goggo ba su da shi, wasan jika da kaka. Su kunya da girmamawa sun ɗaure musu baki, ke kuwa kishiya ce. Ki zauna kusa da ita ki ce, "Tsohuwa, wannan kayan duk na 'ya'yan da za ki haifa wa mijin nawa ne?" Za ta zage ki, cikin zagin za ki ji abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ki ce ta koya miki, kuma ki koya da gaske, ki bari ta warware miki layi uku ta ce hannunki kamar na mai faskare. Ki jawo ƙawayenki biyu ranar da ba lekol. Sunan da za a yi nan kusa, wanda ƙafa za ta iya kaiwa, a zaɓi saiti ɗaya daga akwati, ke ki riƙe leda, ita ta miƙa da hannunta.

In kuwa kin ga abinci ya ragu, ga rama, ga kuka ba dalili, ko tana yawan cewa ita ta gama nata, ki faɗa wa likita ranar da kuka je duba hannun, don damuwa ciwo ce kuma ana maganinta ko a tsufa. Haka in ta fara rikita raka'a ko sunayen jikoki. A nan akwatin zai yi miki amfanin da ba ki zata ba, don na ƙasa su ne na 2020, na sama su ne na bana. Mai saƙa kullum hannunta gaba yake yi. In kin ga na da sun fi na yanzu daidaito, ƙirga ya fara ɓacewa, hula ta koma kamar jaka, safa ɗaya ta fi 'yar uwarta nesa ba kusa ba, to ko ido ne, ko jijiya, ko mantuwa, kuma likita zai so ya ji yaushe abin ya fara.

In kin samu hali ki kawo min biyu, ɗaya daga can ƙasan akwati, ɗaya wadda ta gama cikin satin nan, ki haɗo da kwarashin in naɗe mata mariƙin. Amma ki roƙa ta ba ki aro da hannunta, kada ki ɗauka tana barci. Ina gida bayan la'asar, ban da Juma'a. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce ina mata sannu da aiki.